Darasi na 7: Abin da ke sa jijiya zogi bayan rauni ya warke

Jijiyar da muke nufi a nan ita ce mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, ba ta jini ba. Sara, karaya, ciwon sukari ko allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu, duk suna iya ji mata rauni.

Idan jijiya ta tsinke, ɓangaren da ke gaba da raunin yakan lalace. Cikin kwana 2 zuwa 3, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da likitoci ke kira makrofej sukan taru a wurin, su cinye tarkacen. Aikinsu na da amfani ƙwarai, domin sai sun share hanya jijiyar za ta sake tsiro. Tsiron kuwa a hankali yake, wajen milimita 1 a rana, wato kusan inci 1 a wata.

To, ga inda matsalar take. Waɗannan ƙwayoyi suna zubar da sinadaran kumburi masu tunzura jijiya. A cikin laka ma, wato igiyar jijiyoyin da ke cikin ƙashin baya, akwai 'yan uwansu, maikrogiliya, da ke ƙara wa saƙon ciwo ƙarfi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Idan ba su lafa ba, fata za ta warke sarai amma mutum ya ci gaba da jin ƙuna da tsargawa kamar ya taɓa wayar lantarki. Shafar riga kaɗai sai ta sa shi ihu. Kada a ce raki yake yi.

Farasitamol ba ya cika yin aiki a kan irin wannan ciwo. Likita yakan rubuta amitriptyline ko gabapentin, a fara da kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali, kuma akan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi. Masu gajen haƙuri sukan daina sha, su koma sayen tramadol a kemis, daga nan jaraba ta kama su.

Mai fama da kuturta ya kula sosai. Garkuwar jikinsa na iya auka wa jijiyarsa, ko da yana kan magani. In jijiyar gwiwar hannu ta kumbura tana zafi, ko yatsu suka rasa ƙarfi, ya je asibiti a ranar. Maganin prednisolone yana kwantar da kumburin, amma in aka bari ya wuce wata 6, da wuya jijiyar ta dawo.