Yadda ake sharhin littafin binciken kisa da ya gudana a gidan tarihi

Yawancin masu fara sharhi da nake gani a Damagaram labarin suke sake bayarwa daga farko har ƙarshe, su rufe da "littafin ya yi daɗi". Wasu ma har sunan makashin suke faɗi. Wa zai saya kuma?

Karatun farko ka ajiye alƙalami, ka bar marubucin ya ruɗe ka. Lambar shafin da ka fara zargin wani kawai za ka riƙe.

A karatu na biyu ake aikin, nan kuma kowa ke gudu. Samu kaye, wato littafin rubutu, ko na dala ashirin daga kasuwar Dole ya isa, ka zana gidan: zaure, tsakar gida, soro, ɗakin ajiyar kayan tarihi, ƙofar baya. Sa kowane mutum inda ya ce yake lokacin kisan. Makulli a hannun wa yake kwana? Ƙarfe nawa ake rufe wa baƙi? Akwai littafin da masu ziyara ke sa hannu? In maigadi ya ce daga zaure ya ji ihu a can ƙuryar gida, shiga Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ka dafa bangon tubali na tsoffin gidajen nan, ka ga kaurinsa, sannan ka yanke ko maigadi ke ƙarya ko marubuci ne bai san gini ba. Ɓoyayyiyar hanya kuwa, tun 1929 Ronald Knox, marubucin labaran bincike ɗan Ingila, ya ce kada ta wuce ɗaya a labari. Ni ko ɗayar ba na yafewa in ba a nuna alamarta da wuri ba. Daga nan ka cire gidan a zuciyarka, ka mai da kisan cikin otal. In babu abin da ya sauya, gidan ado ne kawai, kuma ka faɗa a sharhinka.

Tarihin ma a duba shi. Labarin da ya taɓo kisan Kyaftin Cazemajou, sojan Faransa da aka kashe a Damagaram, ya kauce wa 1898, ko ya bar Zinder a matsayin babban birnin Nijar bayan 1926, ya yi sake.

Rubutun ba wuya. Kada bayaninka ya wuce kashi ɗaya cikin uku na labarin, ka kawo misali ɗaya da lambar shafi, ka faɗi wanda littafin zai dace da shi. In na aro ne, kada ka ja layi a ƙarƙashin sunan makashin.