Tayar baya na rawa: inda muke kuskure wajen neman matsalar

Jama'a maganar tayar baya mai rawa ba abin wasa ba ce, domin in ta fashe ko ta fice kana cikin gudu bayan motar ne zai juya da kai, kuma a lokacin da wuya ka shawo kan motar da sitiyari. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke zuba kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba, a canza shokazoba a yi alaimen a yi balansin sau biyu, rawar tana nan, alhali ko jak ba a sa wa motar ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne da an ji rawa sai a nufi wajen balansin. Toh tsaya, a wane gudu kake jin ta? Rashin balansin yawanci sai ka kai gudun wajen kilomita 80 zuwa 110 a awa yake bayyana, in na baya ne za ka ji shi a kujera da ƙasan motar, in na gaba ne a sitiyari. Amma in kana tafiya a hankali, 20 ko 30, ka ji bayan motar na rangaji hagu da dama, wannan ba aikin dalmar da ake maƙala wa rim ba ne, ko dai wayar cikin tayar ta saki ko rim ya lanƙwashe a rami. Injin balansin zai iya nuna maka sifili sifili a kan tayar da ta karkace, ka biya ka tafi da matsalarka.

Yadda za ka gane da idonka: a ajiye motar a wuri mai tauri, a sa giya, a tokare tayoyin gaba da dutse ko katako, saboda dole a sauke birkin hannu kafin ta baya ta juya. A ɗaga, a tura sifeya ƙarƙashin motar ko da jak zai zame. Sai ka kafa sukundireba a kan bulo, bakinsa dab da leɓen rim, ka juya tayar a hankali, in tazarar na buɗewa tana rufewa rim ne ya lanƙwashe. Ka duba ta ciki ma, don galibi ta can yake lotsewa inda ido ba ya kaiwa. Bayan haka ka shafa tafin hannu a saman tayar gaba ɗaya, in ka ji tudu ko ƙulu ko ka ga zanen yana tafiya a karkace, ta gama aiki, babu facin da zai gyara ta. Kuma don Allah kar a ce a mayar da ita sifeya. Irin wannan lalacewar ta fi yawa a tayoyin beljiyam da suka daɗe, shi ya sa yana da kyau ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Da damina kuma ka leƙa bayan rim ɗin, busasshen taɓo kaɗai ya isa ya sa rawa, wanki ne maganinsa.

Sai boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Anan bakanike da yawa ke yanke hukunci da kunne kawai. Boris da ya fara mutuwa yana gurnani, ƙarar na ƙaruwa da gudu kuma tana canzawa in ka ɗan karkata sitiyari, amma tayar da ta ci gefe tudu-tudu ita ma tana irin wannan kukan, sai a canza boris mai lafiya a banza. Tunda motar na sama, kama tayar hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. In ka ji ƙwal ƙwal akwai wasa. Ka sa wani ya take birki ka sake girgizawa, in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan toh ka koma kan bush, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafa, da sauran ƙarafan da ke riƙe da ƙafar. Kuma motoci sun bambanta, Golf 3 boris ɗinta na baya ana ɗaure shi da noti ana daidaitawa, in yaron gareji ya ɗaure shi tamau don wasan ya tafi zai yi zafi ya ƙone a hanya. Corolla daga 2003 zuwa sama kuwa boris ɗinta a rufe yake cikin hob ɗinsa, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa, ba a ƙara masa giris ba a ɗaure shi, canza shi ake yi ɗungurungum. Masu Peugeot 206 su tsaya a bayan motar su kalla, in kan tayoyin ya kwanta ciki boris ɗin cikin aksul ne ya cinye, alaimen ba zai miƙar da shi ba. Masu Sharan da ake yi wa lodin buhuna har bayan ya zauna, ku ma ƙafar baya ce ke biyan kuɗin.

Wani abin da ake rainawa shi ne noti, kuma shi ya kamata a fara taɓawa tun motar na ƙasa. Wallahi sau da yawa rawar daga wajen mai faci take farawa, a mayar da taya a kan tsatsa da yashi, a ɗaure noti ɗaya har ƙarshe kafin a sa sauran, ko a ɗora bututu a kan sipana mutum ya hau da ƙafa har kusar ta miƙe. Daidai shi ne a goge fuskar hob, a sa duka da hannu, a ɗaure a gicciye kaɗan kaɗan, a ƙarasa bayan an sauke motar. A ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, Corolla 103 Nm take so, Golf 3 kuma 110, ƙarfin hannu da sipana na daidai ya isa. Wanda ya sayi rim na gayu ya tabbatar ramin tsakiya ya zauna daram a kan hob kuma notin irin na rim ɗin ne, don wani mazauninsa a shafe yake wani a tsuke. In ka ga ramukan noti sun zama kamar ƙwai ko jan tsatsa na zubowa daga bakinsu, tayar ta daɗe tana wasa, wannan rim ɗin a ajiye shi, a duba kusoshin su ma. Bayan duk wani cire taya ka sake bin notin da sipana in ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100.