Ruwan Lagdo Ba Shuɗi Ba Ne: Kurakuran Masu Zane da Masu Gina Mutum-mutumi

Duk yaron da ya kawo min zanen ruwa a nan Garwa, kafin ya kwance takardar na san abin da zan gani: teku shuɗi shar, da farin kumfa, da bishiyar kwakwa a gefe. In na ce, "Ɗana, ina ka ga wannan ruwan?" sai ya nuna min waya. Alhali Binuwai na gindinsa, kuma tafkin Lagdo, wanda aka kammala madatsarsa a 1982, tafiyar wuni ɗaya ce har da dawowa.

Kuskure mafi girma ke nan, zana ruwan da ba ka taɓa tsoma ƙafa a ciki ba. Ruwanmu da damina ja-ja yake kamar kunun da aka dama da ƙasa. Da hunturu kuwa hazo kan haɗe sama da ruwa su zama toka-toka, har kwalekwalen masunta ya yi kamar yana rataye a iska. Ka je bakin kogi da sassafe, ka haɗa launin a wurin, kana dubawa kana gwadawa a kan tsumma. Za ka sha mamakin yadda launin ruwan ƙasa da ɗan kore suka fi shuɗi amfani. Inuwar abu a cikin ruwa mai laka kuma ba ta fita tas kamar a madubi, saboda haka kada ka kwafe kwalekwalen sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a kife.

Sai layin da sama ta haɗu da ruwa. Yana daidai da tsayin idonka ne. In a tsaye kake a fili, kawunan mutanen da ke tsaye, na kusa da na nesa, duk kusan a kan wannan layin suke faɗowa, ƙafafun na nesa ne ke hawa sama a zanen. Wanda bai san wannan ba sai masuntansa su yi ta shawagi kamar aljanu.

A jikin mutum, an fi yin kai ƙato. Babba tsayinsa ya kai kansa bakwai zuwa bakwai da rabi. Amma abin da ya fi damuna shi ne nauyi. Mace mai ɗauke da tulu, wuyanta a miƙe yake, ƙugu ya karkata, ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da jiki. Wasu abokan aikinmu ba sa zana fuska saboda addini, kuma ban ga abin da ya rage musu ba: bayan mai jan taru ya isa ya faɗi shekarunsa da gajiyarsa.

Masu yumɓu kuwa gaggawa ce ke cin su. Ni kaina na taɓa gina kan wani tsoho cikakke ba rami, na shanya shi a rana da hunturu. Waje ya bushe, ciki da danshi, yana shiga wuta ya tarwatse. A rarake cikinsa, kauri kada ya wuce na yatsa, a huda ƙofar iska, a garwaya yumɓun da dakakken tsohon kasko, a rufe da tsumma ya bushe a inuwa sannu a hankali. Matan Gawi kusa da Njamena sun gaji aikin tukwane tun kaka da kakanni, kuma kawunan yumɓu na mutanen Sao na zamanin da, waɗanda aka tono a yankin kogunan Shari da Logon, suna nan a gidan tarihin Njamena bayan ɗaruruwan shekaru.

Zanen tuna baya shi ma yana da tarkonsa. Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi. Mai son zana wannan rashin yakan cusa komai: busasshiyar ƙasa, ƙashin saniya, tsohuwa na kuka. Ya yi yawa. Ka zauna da dattijon da ya yi kamun kifi a can, ka ce, "Baba, me ka fi tunawa?" Ka zana abu ɗayan da ya faɗa, ko da kwalekwale ne kife a cikin gonar masara.