Kurakuran masu tsara wasan cike gurbi a kan furanni

Tun da Arthur Wynne ya fitar da wasan cike gurbin kalmomi a jaridar New York World a 1913, ƙa'idarsa ɗaya ce: kowace tambaya amsa ɗaya tak take da ita. A nan ne masu tsara shi da Hausa suka fi yin tuntuɓe, musamman idan an zo kan furanni.

Sai ka ga an rubuta "abin da itace ke yi kafin ya yi 'ya'ya", gurbi huɗu. Mai tsarawa fure yake nufi, amma huda ma ta shiga daram, Basakkwace kuma hure zai rubuta, kuma bai yi laifi ba. Maganin wannan shi ne ka kama sunan itacen, ko ka sa wata kalma ta gitta ta ba da harafin farko.

Sai batun ƙugiya, wanda ya fi ci mini rai. Mangwaro huda yake yi, manomi kuwa huɗa. Idan ka bar d da ɗ suka raba gurbi ɗaya, ka ɓata wa mai wasa lissafi. Haka sh da ts: ka faɗa tun daga sama ko gurbi ɗaya za su ci ko biyu.

Wasu kuma duk abin da ya yi cunkus a reshe fure suke ce masa. Nonon dabino da nonon ayaba 'ya'ya ne. Zangarniya kan gero ce ko dawa, bununi shi ne garin da ke kakkaɓowa daga jikinta lokacin da take fure. Ka tambayi manomi kafin ka rubuta.

Asarar da ta fi girma ita ce barin kalmomi masu harshen damo. Dubi ɗorawa da rani: jajayen ƙwallaye na reto a dogon sili, kowanne ɗaruruwan ƙananan furanni ne a dunƙule, ƙudan zuma na ta kewaya su. Tuntu ake ce musu, sunan da ake kiran na kan hula dara. To me zai sa ka rubuta "furen ɗorawa" kurum? Rubuta "yana kan hula, yana kan ɗorawa", gurbi biyar. Ita kanta ɗorawar, "uwar kalwa, ko aza tukunya a murhu" ta ishe ta tambaya.