Yadda Ake Sa Ɗigo-ɗigo Su Yi Tafiyar Garke a Kwamfuta

Wanda ya ga gungun tsuntsaye sun juya a sama lokaci guda zai rantse akwai mai ba su umarni. Babu. A 1995 masanin fiziks ɗan ƙasar Hungari, Tamás Vicsek, da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙa'ida ɗaya ta isa: kowa ya fuskanci inda na kusa da shi suka fuskanta. Da ɗan sanin Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, za ka gani da idonka.

Fara da fili murabba'i, faɗinsa 7, ka watsa ɗigo 300 a madadin tsuntsaye, kowanne da inda ya sa gaba. Wanda ya fice ta dama ya shigo ta hagu, don kada bango ya ɓata lissafi. Gudunsu ɗaya ne, 0.03 a kowane taku, kuma ba mai tsayawa, domin kowane ɗigo shi ke tura kansa.

Sai babban aikin. A kowane taku, ɗigo zai duba duk waɗanda ba su wuce nisan 1 daga gare shi ba, har da shi kansa, ya ɗauki matsakaicin alkiblarsu. A nan ake yawan zamewa. Idan ka tara digiri 350 da digiri 10 ka raba biyu, 180 za ka samu, ɗigonka ya juya baya alhali maƙwabtansa biyu gaba suka nufa. Ɗauki kowace alkibla a matsayin kibiya mai tsawon 1, ka tara kibiyoyin, sannan ka fitar da kusurwa. Kuma kada ka matsar da kowa sai ka gama lissafin kowa.

Bayan haka ƙara wa kowanne ɗan kuskuren alkibla ba bisa wani tsari ba, hagu ko dama.

Don aunawa, tara kibiyoyin duka, ka raba tsawon jimlar da yawansu. Sifili rikici ne, 1 kuwa kai ya haɗu. Fara da kuskure mai yawa, ka riƙa rage shi sannu a hankali. Wurin da na fi so ke nan: ana cikin dagule-dagule, sai ƙananan gungu su fara haɗewa, can sai filin duka ya kama hanya ɗaya da ba wanda ya zaɓa.

In ka gama, canza ƙa'idar maƙwabtaka. Binciken da aka yi kan tsuntsaye a birnin Rum, aka wallafa a 2008, ya gano kowane tsuntsu na lura da shida zuwa bakwai mafiya kusa da shi, komai nisansu. Gwada hakan, ka ga ko gungun zai daina tarwatsewa.