Saita Ƙaramar Kyamara Marar Madubi Don Ɗaukar Bidiyo

Fara da saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga don kowane firam (hoto ɗaya a cikin bidiyo). In kana ɗaukar firam 25 a daƙiƙa, sa shata a 1/50. In ta fi haka sauri sosai, motsi zai riƙa fizga. Da tsakar rana haske kan yi yawa, amma kada ka taɓa shatar, ɗaura gilashin ND, mai rage haske, a bakin lens.

Don 4K, nemi katin SD mai alamar saurin ajiya ta V30 zuwa sama, in ba haka ba ɗaukar na iya yankewa. Ƙaramar kyamara saurin zafi gare ta, don haka buɗe allon bayanta ta sha iska.

Makirufon cikinta har numfashinka yake kwasa. Jona na waje, sauti ya tsaya wajen -12 dB a ma'aunin sautin kyamarar. Tsarin Log kuwa, mai fitar da hoto a dusashe don a gyara launinsa daga baya, sabon shiga ya bar wa masu gyaran launi.