Yadda za ku bi da maganar horo idan sakandare ta kira ku kan laifin ɗanku

Yawancin iyayen da ke Aboabo, Asawase da Sabon Zango a Kumasi sun tashi ne a ƙarƙashin bulalar makarantar allo, shi ya sa idan aka kira uba a waya cewa ɗansa ya yi laifi a sakandare, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne a zane shi kawai. Sai dai wannan hanya a rufe take. Hukumar ilimi ta Gana, wato GES, ta hana dukan ɗalibai a shekarar 2017, sannan a watan Janairu na 2019 ta umarci makarantu su bi wani tsarin ladabtarwa mai matakai wanda babu duka a cikinsa. Abin da ya rage wa iyaye shi ne su san irin horon da za a yi a madadin bulala, domin wani horon yana gyara yaro, wani kuwa yana cinye masa jarrabawa.

Idan kiran ya zo, ku je da kanku, kada ku aika yayan yaron ko maƙwabci. Kafin ku shiga ofishin shugaban makaranta, ku keɓe da ɗanku ku ji ta bakinsa, ba don ku goya masa baya ba, sai don ku san ko laifin na farko ne ko ya saba, kuma ku gano abin da ke ƙarƙashinsa. Yaron da ke makara kullum mai yiwuwa tiroturo, wato motar haya, biyu yake hawa ta tashar Kejetia kafin ya iso, wanda kuma yake barci a aji wataƙila tsaron shago yake yi har dare.

A cikin ofishin, bayan gaisuwa da ban haƙuri, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: “Malam, wannan horon darasi nawa zai sa ya rasa?” A nan ne nake so ku tsaya sosai. Ɗalibin sakandare shekara uku kacal gare shi kafin jarrabawar kammala sakandare, wato WASSCE, kuma jami'a ba ta karɓar wanda bai samu sakamako daga matakin A1 zuwa C6 ba a darussa shida, ciki har da Turanci da lissafi. Lissafi kuwa kamar jera bulo yake, idan yaro ya rasa sahun ƙasa ba zai iya ɗora na sama ba. Saboda haka ɗalibin da aka ba adda ya yi kwanaki yana saran ciyawa alhali abokansa suna cikin aji, ko aka tura shi gida na mako biyu, an hukunta shi sau biyu: sau ɗaya yanzu, sau ɗaya kuma ranar da sakamako zai fito. Ku roƙa cikin ladabi a mayar da aikin horon bayan an tashi ko ranar Asabar. Malamai da yawa suna amincewa idan suka ga uba bai zo neman a yafe laifin ba, lokacin horon kawai yake so a sauya.

Cire yaro daga ɗakin kwana ya fi wannan nauyi, kuma iyaye da dama ba su gane haka sai daga baya. Wanda aka mayar jeka-ka-dawo ya rasa karatun dare da ake yi a ƙarƙashin idon malami, ya koma gidan da ɗaki ɗaya ya haɗa shi da ƙannensa, ga majalisar samari a ƙofar gida. Idan laifin bai kai na makami ko ƙwaya ko raunata wani ba, ku nemi a fara da matakan da ke ƙasa: a karɓe masa muƙami idan yana da shi, a haɗa shi da malamin ba da shawara, ko a ba shi takardar da kowane malami zai sa wa hannu bayan darasi. Wannan takarda ta fi burge ni, domin tana tilasta wa yaro zama a aji maimakon ta fitar da shi. Idan kuwa an riga an yanke hukunci, ku karɓa, amma ku samar masa wurin karatun dare, ko da barandar masallacin unguwa ce bayan sallar lisha.

Maganar wayar hannu ba ta buƙatar dogon bayani. An hana ta a sakandare, kuma sau da yawa iyaye ne ke saya wa yaro ita a ɓoye. Kada ku yi.

Bayan kun dawo gida, kada ku ƙara masa wani dukan a kan horon makaranta, kuma kada ku tozarta shi a gaban ƙannensa. Yaron da tsoro ya cika wa ciki ba ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, kuma abin da bai tambaya ba a aji shi zai tarar a takardar jarrabawa. Haka nan kada ku zagi malamin a gabansa ko da kuna ganin an yi masa rashin adalci, domin daga ranar ba zai ƙara sauraron darasin wannan malamin ba. Idan an dake shi har ya ji rauni, ku kai shi asibiti, ku kai ƙara ga shugaban makaranta, in abin ya faskara ku je ofishin ilimi na gunduma.

Kafin ku baro makarantar, ku karɓi lambar malamin ajinsa ko mai kula da ɗakin kwanansu, ku sa ranar da za ku kira bayan mako biyu. Ranar da kuka kira, ku tambayi halinsa, sannan ku tambayi makin da ya ci a gwajin lissafi da Turanci na baya-bayan nan, ku rubuta su a gefen na zangon da ya wuce.